Hoton Fasfon Baba

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata ranar Alhamis, mai hoto ya ɗago daga bayan kyamararsa ya ce, "Papa, ne bougez pas." Na fassara wa Baba cewa kada ya motsa. Baba ya ce, "Gaya masa ba ni nake motsi ba."

Babana mahauci ne a kasuwar Garwa. Shekara biyu kafin nan hannunsa ya fara rawa, ya bar wa ƙannensa wuƙa, daga baya kansa ma ya kama. Abu ɗaya ya rage masa a rai, ya hau jirgin alhazai na bana. Fasfo kuwa sai da hoto. Da ni aka haɗa shi don ina lise, wato babbar sakandare, ina jin Faransanci, ko da yake a gaban baƙi muryata ba ta fita.

Hotunan suka fito kamar an shafa fuskarsa da jiƙaƙƙen tsumma. Kunne huɗu, ido babu. Muka sake, haka. Mai hoton mutumin kudu ne, mai barkwanci, yana ce wa Baba "Alhajin gobe". A karo na uku ya daina barkwancin. Fitilarsa mai walƙiya ta lalace, kayan gyaranta sai daga Duwala.

A ɗakin karatu na makaranta na samu wani littafin hoto da ba wanda ya taɓa ara. A ciki na gane cewa akwai wata ƴar ƙofa a kyamara da take buɗewa ta rufe. In ta jima a buɗe, duk abin da ya motsa sai ya shafe. In ta rufe da sauri, ko doki na gudu sai ta tsayar da shi, amma saurin yana son haske mai yawa. Na je na yi wa mai hoto tambaya ina kallon ƙasa. Ya nuna mini lambobin saurin ƙofar da ke kan kyamarar. A cikin shagonsa talatin yake iya sawa. Baba ɗari biyar yake buƙata, wannan kuwa sai a rana tsaka, a waje.

Baba ya ƙi. Bakin shagon hanyar mayanka ce, yaran da ya koya wa fiɗa suna wucewa ta nan. "In zauna a titi ina kaɗa kai su tsaya kallo?" Na ce to mai hoto ya zo gida. Baba ya ce namiji ba ya wuce zaurensa, zauren kuma duhu ne.

Sai mai hoto ya ba ni aron ƙaramar kyamara, ya saita komai, ya tsaya a ƙofar gida yana jira. Inna ta rataya farin zane a jikin katanga. Baba ya zauna a kan turmi da aka kife, rana a kansa, ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Na duba ɗari biyar ɗin, na sake dubawa. Na riƙe numfashi na danna.

Da aka wanke shi a shago, hoton ya fito tsaf, har zaren hularsa ana gani. A hanyar gida na tsaya ƙarƙashin wani dalbejiya na kalle shi sosai. Shekara biyu ban ga fuskar Baba a tsaye ba. Rawar muke kallo kullum, ba mu ga abin da ke bayanta ba. Kumatunsa sun faɗa, bakinsa ya karkace gefe, wuyan rigar ya yi masa yawa. Idanunsa kamar na wanda yake neman a taimake shi ya tashi.

Na miƙa masa bayan la'asar. Hoton yana rawa a hannunsa, sai ya ajiye shi a kan tabarma ya sunkuya. Na ce, "Baba, gobe in kai ofishin fasfo?" Ya ɗauki hoton ya sa a aljihu. Washegari na sake tambaya, da jibi. Inna ta ce in ƙyale shi, amma ana gab da rufe karɓar takardu, ni kuma ban iya barin abu rabi ba.

Ranar Juma'a da ya dawo masallaci, ƙaninsa na riƙe da shi, na tare shi a zaure na sake tambaya. Ya ciro hoton daga aljihu ya ba ni.

"Ajiye shi wurinki, uwata," ya ce. "Mutumin nan ba zai kai Makka ba."