Gwamna da Kurɓar Farko

Gwamna Yohanna ɗan Zonkwa ne, kuma a gindin tukunyar burkutu ya yi wayo. Mahaifiyarsa, Talatu, ita ce gwanar giya a unguwarsu: ta jiƙa dawa, ta bar ta ta yi tsiro, ta niƙa, ta dafa sau biyu, sannan ta rufe ta jira ta tashi. Da hanci kaɗai Gwamna yake bambanta giyar da ta nuna da wadda za ta sa mutum ya zagi surukinsa.

A shekarar 2016 ya sauka Dubai, ya sami aiki a mashayar wani otal da ke Deira. Mutanen gida sun ɗauka shi ne mai haɗa wa Turawa giya. Gaskiyar magana, shekara uku tambulan yake wankewa, yana yanka lemun tsami, yana kallon wasu suna girgiza gwangwanin haɗi kamar masu kaɗa caki.

Saura wata ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, sai manajarsu, Madam Felicity, 'yar Kenya, ta ce gurbi ɗaya ya samu a kantar haɗa giya. Kowa ya kawo sabon haɗi. In na Gwamna ya ci, a sabunta masa biza; in bai ci ba, sai gida.

Dafa burkutu a ɗakinsu na International City ba zai yiwu ba, don doka ta hana, ga kuma mutum biyar a ciki, kowa da hancinsa. Ƙanshinta kawai yake so ya kamo. Sai ya nufi unguwar Al Sabkha, shagon Mutari, ɗan kasuwa daga Maraɗi.

"Alhaji, jar dawa nake so, da tsamiya, da citta, da ƙananan ƙore shida."

"Kunu za a dama, mon frère?" in ji Mutari, da ɗan Faransancinsa.

"Ɗan'uwan kunu ne."

"Khalas, kada ka ƙara ko kalma! Ni dawa na sayar maka. Abin da ta zama bayan ta fita daga shagona, tsakaninka ne da Mahaliccinka."

Gwamna ya soya dawar har ta yi ƙanshi, ya dafa ta da sukari ta yi kauri, ya tace. Ranar gwaji, da la'asar kafin a buɗe mashayar, ya haɗa ruwan da tsamiya da citta da barasar Turawa da ake kira jin, ya girgiza da ƙanƙara, ya juye a ƙwarya. Ya ɗauko ta da hannu biyu zuwa gaban Madam Felicity, ya ɗan rusuna, ya kai bakinsa ya kurɓa, sannan ya miƙa mata.

Sai da ya haɗiye ya gane abin da ya aikata.

"Gwamna, giyar baƙo ka sha? A bakin aiki? A gabana?"

"Madam, ki yi haƙuri, hannuna ne. A garinmu ba a miƙa wa mutum ƙwarya sai mai ita ya fara kurɓa, don baƙo ya tabbata ba a zuba masa komai ba."

"Me kuke zuba wa juna haka a garinku?"

"Ba komai, Madam. Shi ya sa muke kurɓa, a gani."

Ta danne dariya, ta ce ya haɗo wani. Ya haɗo. Yana isa gabanta, ƙwaryar ta sake kama hanyar bakinsa. Ya tsayar da ita a daidai haɓa, gumi na keto masa. Madam Felicity ta karɓe ta da kanta. Ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta leƙa cikin ƙwaryar kamar wadda ta yar da ɗan kunne.

"Gobe ka kawo fasfo ɗinka ofis," in ji ta. "Amma daga yau, da tsinken roba za ka ɗiga a harshenka, ka jefar. In na sake ganin leɓenka a kan abin shan baƙo, ni zan raka ka filin jirgi."

Gwamna ya tsaya a kanta har shekarar 2021, kuma ya kiyaye sharaɗin. Sai dai abokan aikinsa sun ce duk sanda zai miƙa ƙwarya, yakan cije leɓensa na ƙasa, ya kau da kai gefe, har wani baƙo ya taɓa tambayar ko ciwon haƙori yake yi.