Kujerar Gaba a Motar Baba Gwadabe

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Jahun da Dutse a shekarun nan ya san fijon Baba Gwadabe, wagon ruwan toka wadda ƙofar bayanta sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Ya fara jan wannan hanya tun shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, lokacin da ma'aikata da yawa ke kwana a garuruwansu su yi sammakon zuwa ofis, don Dutse ba ta da isassun gidajen haya. Kafin nan direban tarakta ne a wajen Taura. Shi ya sa Ɗan'inna, wani matashin direba mai bakin tsiya a tashar Jahun, yake cewa har yau Baba huɗa yake yi a kan kwalta.

Gudu kam ba shi da shi. Motar ma ba tasa ba ce sai daga baya. Abin da ya tara a tashar nan shi ne amana. Magidanci zai kawo matarsa da yara, ya tarar motar da ke kan layi saura mutum biyu, ya ce a'a, za su jira Baba. Matan da ba sa fita sai da dalili mai ƙarfi, su ma a motarsa ake sa su, a koma gida hankali kwance. Shekara goma sha biyu bai taɓa mayar wa wani da iyalinsa da ko ƙwarzane ba. Ba ya faɗin haka a tasha. Matarsa Rakiya kaɗai yake gaya wa, in ya dawo yana wanke ƙafa, cewa shi da wannan yake so ya je gaban Allah.

Da aka ƙaddamar da shari'a a jihar, shugabannin tasha suka zauna suka yanke cewa ba za a ƙara cusa mace tsakanin maza ba. In mata sun kai uku, a ba su layin tsakiya. In guda ce, sai ta zauna a benci tana jiran wasu matan, wani lokaci har azahar. Baba Gwadabe bai iya ganin haka ba. Sauran motoci mutum biyu suke sawa a kujerar gaba, shi ya haƙura da ɗaya, ya mayar da kujerar ta mace in ta zo ita kaɗai. Ba wanda ya yi magana, don kowa ya san shi, furfurarsa ma ta isa shaida. Har aka riƙa ce mata kujerar masu goyo.

Bayan shekara biyu da wani abu aka fara matsa wa direbobi a kan ɗaura bel. Jami'an kiyaye haɗura suka zo tasha suka yi bayani wata safiya. Baba yana hanya a lokacin. Da ya dawo ya tarar da Ɗan'inna yana ɗaure buhuna a but.

"Kai, me mutanen nan suka ce?"

"Sun ce duk wanda ke gaba a ɗaure shi, direba da fasinja. Kamar ragon Layya."

"Shi ke nan?"

"Sun yi dogon bayani, Baba, ni ina lodi. Kai dai in ka hango su ka ja ka yafa. Ai kai ma ba ka bukata, wa ya taɓa faɗuwa daga tarakta?"

Yawancin motocin tashar an daɗe da yanke bel ɗinsu an yi igiyar kaya da shi. Sai direbobi suka koma wajen wani baduku, ya yanko musu baƙin ƙyalle mai kauri, a kafa shi da ƙusa a jikin mota. In an hango jami'ai a yafa, in an wuce a yar. Baba Gwadabe ya duba wannan abu ya ce shi ba zai sa ƙarya a motarsa ba. Ya ajiye aiki yini guda, ya tafi Kano wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, ya sayo na gaske guda biyu, aka ɗaura masa. Shi kaɗai ne a tashar bel ɗinsa ke yin ƙas in an maƙala.

Ranar da abin ya faru kaka ce, dawa ta yi tsayi har ta rufe gefen titi. Wajen ƙarfe goma na safe Mika'ilu, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, ya kawo matarsa Zakiyya da 'yarsu Madina, mai shekara ɗaya da rabi. Yayar Zakiyya ce ta haihu a Yalwawa, cikin Dutse, za su suna.

"Baba, ga amana nan."

"Ta Allah ce, Mika'ilu. Zakiyya, kun tashi lafiya? A'a, ga amaryata. Yau ma ƙin kallona za ki yi? To na fasa auren."

Yarinyar ta ɓoye fuska a bayan uwarta, aka yi dariya. An yi mata kitso ƙanana, an sa mata kwalli, da 'yar riga ruwan ɗorawa da aka ɗinka don sunan. Maza shida ne a baya, don haka Zakiyya ta kwance goyo, ta shiga gaba, ta ɗora Madina a cinya.

Baba ya tsaya da bakin bel ɗin a hannu. Tunda ya sa shi, ranar ce ya fara ɗaukar mai goyo a gaba. Ya yi tunanin abin a ransa, kuma tunanin bai ɗauki minti ɗaya ba. An ce duk wanda ke gaba a ɗaure shi. In ya ɗaure uwa ya bar 'ya, wa aka kare? Ya jawo bel ɗin har ƙarshe, ya miƙa mata.

"Zagayo da shi ta kan yarinyar, ku duka biyu."

"Baba, ba zai matse ta ba?"

"Shi ne zai riƙe ta."

Ta zagayo da shi ta kan cikin Madina, ta laluba, ya yi ƙas. Shi kuma ya ja ragowar ta wajen ƙofa don kada ya yi sako-sako.

Sun wuce rabin hanyar Kiyawa lokacin da amalanken shanu ya fito daga cikin dawa, ɗauke da kara, ya hau titi. Baba bai fi gudun da ya saba ba. Ya taka birki iya ƙarfinsa, ya karkatar da kan motar, ta sauka daga kwalta ta daki bakin kwalbati ta tsaya cak. Maza a baya suka hantsilo kan juna, ana ta salati. Aka fito ɗaya bayan ɗaya ana duba jiki. Wani ya fasa leɓe, wani hularsa ta faɗa kwata. Fitila ɗaya ta fashe. Shanun ko taɓa su ba a yi ba. Kowa na cewa Alhamdu lillahi, wani dattijo har yana cewa da wani direban ne da yanzu sai dai labari.

Madina ta yi kuka sau ɗaya, gajere, ta yi shiru. Zakiyya ta kwance bel, ta duba ta, ba jini ko ɗigo. Ta ba ta nono ta ƙi kama. Aka ce tsorata ta yi, a tofa mata addu'a. Baba da kansa ya tofa mata. Aka tura motar ta hau titi, ta tashi, suka ci gaba.

Bayan sun wuce Kiyawa Zakiyya ta ce, a hankali, kamar mai jin kunyar damun mutane, "Baba, jikinta ya yi sanyi."

Ya waiga. Leɓen yarinyar ya yi fari, cikinta ya ɗaga rigar. Idonta a buɗe yake amma ba ta kallon kowa. Waɗanda ke cikin motar sun ce ba su taɓa sanin fijon nan tana da gudu haka ba. Bai tsaya sauke kowa ba sai ƙofar asibiti a Dutse. Aka karɓe ta da gudu. Kafin la'asar Madina ta cika.

Yana zaune a dakalin asibitin wani jami'in kiyaye haɗura mai suna Abdulbaƙi ya zo ɗaukar bayanin abin da ya faru. Ya riga ya shiga ciki, ya ga shatin da ya ratsa cikin yarinyar daga ƙugu zuwa ƙugu. Ya tambayi yadda suka zauna. Baba ya gaya masa komai, har da jan da ya ƙara yi wa bel ɗin. Abdulbaƙi ya daina rubutu.

"Faɗa mini, ɗana. Kada ka ɓoye."

"Baba, da motar ta tsaya, jikin uwar bai tsaya ba. Nauyinta duka ya taho gaba, bel ya riƙe. Yarinyar tana tsakani."

"Da ban ɗaura mata ba fa?"

"Da ta ƙwace daga hannun uwar ta daki gilashi. Gaba ba wurin yaro ba ne, da bel ko babu. Baya ake sa su. Akwai ma wata 'yar kujera da ake yi musu, a ɗaure ta a baya. Mun faɗi wannan a tasharku."

"Ina hanya," in ji Baba. Ya sake cewa, "Ina hanya ran nan."

Shi ya mayar da su Jahun, uwar da gawar, a motar. Zakiyya ta zauna a baya ita kaɗai. 

A zaman makoki ya durƙusa gaban Mika'ilu da mahaifinsa, gaban jama'a, ya ce shi ya kashe ta. Ya ce uwar ta tambaye shi, ya ce mata shi ne zai riƙe ta. Tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Gwadabe, kada ka yi saɓo. Kwananta ne ya ƙare. Mun yafe, duniya da lahira, ba ma neman komai."

Mika'ilu ya ce shi ma ya yafe, amma tabarma yake kallo.

Yafiyar ba ta sauke masa komai ba. Ya je wajen limamin unguwarsu ya tambayi hukuncin wanda ya yi kisa bisa kuskure. Liman ya yi ta kewaye-kewaye, yana cewa ai ba shi ya fito da amalanken ba. Baba ya ce ba amalanken ya zo tambaya ba. Daga ƙarshe aka ce masa azumin wata biyu a jere. Ya yi su, yana tuƙi yana azumi, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Rakiya ta ce tun daga lokacin bai ƙara yi mata hira in ya dawo ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda labarin ya zaga. A tasha, a kasuwa, a gidajen biki, magana ɗaya ce: bel ya kashe 'yar Mika'ilu. Direbobi biyu da suka yi niyyar sayo na gaske suka fasa. Fasinjan gaba in an ce ya ɗaura sai ya ce a kai kasuwa, yana da 'ya'ya. Baba ya riƙa bin su mota-mota yana cewa ba bel ba ne, shi ne; ai bel ɗin ne ya sa uwar take raye. Suna sauraronsa don girmansa, in ya juya su kaɗa kai. Ɗan'inna ma ya daina tsokanarsa, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Ya sake komawa Kano neman 'yar kujerar da Abdulbaƙi ya faɗa. Masu kayan mota ba su ma gane abin da yake nufi ba. Sai a wajen 'yan gwanjo ya samu ɗaya, mai ita yana sayar da ita a matsayin kujerar koya wa jariri zama. Ya kai wa Abdulbaƙi ya nuna masa yadda ake ɗaure ta, ya sa aka ƙara bel a layin tsakiya, ya kafa ta a bayan kujerar direba. Ya kuma yi rantsuwa yaro ba zai ƙara zama a gaban motarsa ba.

Magidanta da yawa sun riga sun janye iyalinsu daga motarsa, ba tare da an ce komai ba. Amma wata safiya bayan ƙaramar Salla, Hussaini mai nama, wanda Baba ya ɗauki uwarsa da matarsa shekara da shekaru, ya zo da matar da jaririnsu ɗan wata takwas. Dutse za su, rigakafi da ziyara.

"Baba, ni ban ji maganar mutane ba. Ga su nan."

Baba ya buɗe ƙofar tsakiya. Ya nuna 'yar kujerar. Ya ce yaron a nan, uwar a gefensa, zai roƙi mutumin da ke layin ya matsa can ƙarshe.

Matar ta leƙa ta ga igiyoyin, ta ƙara rungume ɗanta.

"A nan? In ɗaure shi kamar ɗan akuya? Wallahi a'a."

"Baba, ka ba ta gaba mana kamar kullum," in ji Hussaini. "Ba sai an sa bel ɗin ba. Kuma ga namiji a layin."

"Ba zan iya ba, Hussaini."

"Ko don ni?"

"Don kai ɗin ne."

Hussaini ya duba agogo. Ya ce to Allah ya ba da haƙuri, ya ɗauki jakar. Motar Ɗan'inna ce ke bin ta Baba a layi, kuma yana da wata mata da ke jira. Ya haɗa su biyu a kujerar gaba, jaririn a cinyar uwarsa, goshinsa bai fi taƙi ɗaya da gilashi ba. Maza suka bar motar Baba suka cika waccan, don ita za ta riga tashi.

Baba ya taka har wajen tagar direba ya dafa ta.

"Ɗan'inna, dawa ta kau, amma ka kula da kwanar nan ta kafin Kiyawa."

"To, Baba."

"Ka tafi a hankali."

"To, Baba," in ji Ɗan'inna, ya ja baƙin ƙyallen ya yafa a kafaɗa, ya ba ta wuta.