Malam Halliru da Tayar Keken Ruku'u

Kowace safiya, in ya dawo daga masallaci ya kurɓi kokonsa, Malam Halliru yakan tura kekensa zuwa rumfar da yake aiki a bakin hanyar Achika. Turawa yake yi, ba hawa ba. Tun bara ya daina hawa, wai gwiwa. Yana isa zai yayyafa ruwa ya share, ya fito da famfo da daron faci, ya zauna jiran manoman da ke shigowa gari da baƙaƙen kekunansu, wannan sarƙa ta tsinke, wancan birki ya ƙi ci. Da wannan yake ciyar da gida. Amma kafin ya taɓa keken kowa, sai ya bi waɗanda ke rataye a saman rumfar ɗaya bayan ɗaya, yana latsa tayoyinsu da babban yatsa. Su ne tsofaffin kekunan tseren agogo, kuma a kansu ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

Ga wanda bai sani ba, tseren agogo ba irin wanda ake tasowa a dunƙule ana goga kafaɗa ba ne. Ɗaya-ɗaya ake sakin mahaya, kowa ya tafi shi kaɗai, a ƙarshe a duba wanda ya fi saurin cinye hanyar. Kekunan ma daban suke: sirara, marasa nauyi, ba kariyar ɗora kaya ba ƙararrawa. Wasu tun zamanin da ake kawo 'yan tsere atisaye a titin Wudil aka bar su a hannunsa, wasu a gwanjo ya tsinto su. Akwai wani ja da aka ce na masu haɗa iyo da keke da gudu ne a can Turai, ƙafar gaba ƙarama, ta baya babba, ga wasu ƙahoni biyu da mahayi ke kwantar da hannuwa a kai. In ka hau shi dole ka duƙa, shi ya sa mutanen unguwa suka sa masa suna keken ruku'u.

Ni sunana Auta, ƙanin matarsa Barakatu, kuma na daɗe ina riƙe wa mahayansa agogo a ƙarshen hanya. Ban saba yabonsa ba, tsokanarsa na saba, kamar yadda ya dace da ƙanin mata. Amma na gaji, wallahi na gaji. Na gaji da zama a taron karrama mutanen da ko noti ɗaya ba su taɓa ɗaurewa ba, ga mutum yana shirin rufe rumfarsa a ƙarshen watan nan ba wanda ya ce masa sannu. To ni zan ce.

Mutanen gari sun san wasu ayyukansa, suna kuma ba da labarinsu ana dariya. Sun san ranar da wani manomin Kausani ya sayo keken tsere a gwanjo, ya zo a sa masa kariya zai riƙa ɗora buhun gero. Malam ya bi shi da lallashi har suka yi musaya, ya ba shi nasa baƙin keken mai ƙarfi, shi kuma ya yi watanni yana tafiya a ƙasa. Sun san wata ƙafar baya mai rufi kamar faranti da ya tarar ana shanya kuɓewa a kanta, ya dawo da ita gida a ka, yara na bin sa. Abin da ba su sani ba shi ne ɗinkin taya.

Tayar waɗannan kekunan ba a ɓalle ta a zaro tiyub kamar ta kowa. Tiyub ɗin a ciki aka ɗinke shi, tayar kuma da gam ake manna ta a jikin ƙafar. In ƙaya ta huda, sai a ɓamɓare ta, a farke ɗinkin wurin, a zaro tiyub a yi faci, a mayar, a ɗinke da allura da zare. Kuma dole allurar ta bi tsofaffin hudojin, in ba haka ba tayar ta karkace. Ga tiyub kwance a ƙarƙashin ɗinkin, siriri kamar fatar albasa, allura na gogarsa an koma farko. A duk faɗin nan ban san wani mai yin wannan ba sai shi. Bai taɓa yarda wani ya riƙe masa ko da zaren ba. Kai ne, Malam, mai ɗinkin da ba a gani, wanda in ya yi kyau ba wanda ke tunawa da shi.

Nuhu ɗalibin jami'a ne, ɗan kudancin Kaduna, dogo mai yawan murmushi. Ran da ya fara ganin keken ruku'u ya tsaya baki buɗe, daga nan kuma rumfar ta zama gidansa na biyu. Malam ya ba shi aron keken, ya gyara masa sirdi daidai tsawonsa, yana sakin sa a hanyar Lajawa ni ina jira da agogo. Bana ce shekararsa ta ƙarshe a makaranta. Aka ce ranar Asabar masu zaɓen 'yan tseren jiha za su zo gwaji a nan Wudil. In sun ɗauke shi, ya samu hanya. In ba su ɗauke shi ba, zai tattara ya koma gida, tsere kuma ya ƙare, domin a garinsu ba keken ba titin.

Ranar Laraba ƙayar aduwa ta huda tayar gaba. Ita ce ƙaramar, kuma ita kaɗai ta rage mai rai irinta. An daɗe da daina ganinta a kasuwa, ko a Kano.

Nuhu ya shigo da keken a kafaɗa, fuska ta faɗa. Ya ce, "Baba, shi ke nan ko?"

Malam ya ce, "Wane irin shi ke nan? Ajiye ka tafi karatunka."

Ranar Alhamis ya wuni a kanta. Na lura ya juya mana baya, ya kai tayar har kusa da hanci, amma na ɗauka tsantseni ne irin nasa. Ya gama, ya ba ta iska, ya rataye. Da safen Juma'a na tarar da shi tsaye riƙe da ita, ta saki lakaf. Muka nutsa ta a daro, sai ga kumfa na fitowa daga cikin sabon ɗinkin. Allurarsa ce ta huda tiyub.

Na buɗe baki zan yi tsokanar da na saba, sai ya riga ni. Ya ce, "Auta, ba gwiwa ba ce. Ido ne. Yana ce ta rufe min idanu. Hudojin nan jiya da ka na bi su, ban ga ko ɗaya ba."

Sai a lokacin na gane. Shekara guda mutumin nan yana tura keke a gabanmu, mu muna yi masa dariyar tsufa.

Da wani ne, da ya sake farkewa ya sake ɗinkawa a ɓoye, ya bar sauran ga sa'a, don kada a ce Malam Halliru ya kasa. Wurin kuwa ba zai ɗauki farkewa ta uku ba. Shi sai ya rataya tayar a wuya, ya rufe rumfa ranar kasuwa, ranar da ya fi samun aiki, ya ce in raka shi gida.

Yaya Barakatu tana tsakar gida tana ɗinkin hula. Da ta gan mu da taya ta ajiye, ta ce, "Malam, lafiya da rana tsaka?"

Ya ce, "Idonki na zo ara."

Ta dube shi ta dube ni. Ta ce, "Ikon Allah. Yau ni ce zan taɓa taya? Ni da ko kusa da ita na wuce sai a ce in janye zanina?"

Ya ce, "Yi haƙuri ki ɗauko allurar. Aikin ɗan mutane ne."

Ta ɗauko allurar, don ta daɗe da sanin halin da idon ke ciki. Ni na farke, shi ya yi facin da laluben hannu, wannan kam yatsunsa sun haddace. Da aka zo ɗinki sai ya zura yatsansa cikin tayar, ya danne tiyub ƙasa, yatsan ya shiga tsakanin tiyub da allura. Ya ce mata, "Ki bi tsohuwar huda, kada ki yi sabuwa. In allura ta zarce, ni za ta samu."

Ta kuwa same shi. Fatar taya ba ƙyallen hula ba ce, sai an danna da ƙarfi, kuma in ta ratsa takan zarce. Duk lokacin da ta soke shi sai Yaya ta ce, "Wayyo, sannu Malam," shi kuma ya ce, "Ci gaba, an tsira." Sai da wurin ya matse yatsa ba ya shiga, sannan ya zare ya riƙe tiyub ta waje har ta ƙulle zaren. Da ya buɗe hannu kan yatsan duk ya yi jina-jina. Ya goge a gefen riga, muka koma rumfa, ya shafa gam, muka manna tayar kafin a kira sallar Juma'a.

Ranar Asabar da hantsi aka yi gwajin. Sauran mahayan sun zo daga Kano da sababbin kekuna masu sheƙi, wasu har suna ɗaukar keken ruku'u hoto suna ƙus-ƙus. Malam ya zauna a kan benci kusa da ni a ƙarshen hanya. Da Nuhu ya ɓullo daga nesa a duƙe, na miƙe ina ihu kamar mahaukaci. Malam bai miƙe ba, ba abin da zai gani. Ya karkata kunne ga titi har keken ya wuce mu da ƙugi.

Sai ya kamo hannuna ya ce, "Tayar ta riƙe?"

Na ce, "Ta riƙe, Malam."

Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya jingina da bango. Bai tambaye ni lokacin da yaron ya yi ba.

An ɗauki Nuhu. Ba shi ya zo na ɗaya ba, amma ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa. Ya zo ya durƙusa gaban bencin yana haki yana hawaye, ya kama hannun Malam, sai ya ga yatsan a naɗe. Ya tambayi abin da ya faru. Malam ya ce, "Aiki ne, ɗana. Ka je gida ka gode wa babarka Barakatu, ita ta ɗinka." A gaban baƙi da 'yan gari ya faɗi haka, da babbar murya, mutumin da bai taɓa yarda a raba masa wannan aikin ba.

A can sun ba Nuhu sabon keke wanda tayarsa ba ta bukatar allura. Na ji daɗi, kuma na ji ciwo, ba zan ɓoye ba. Keken ruku'u ya koma saman rumfa, Malam kuma ya ce wannan ce tayarsa ta ƙarshe. Muna ta fama da shi a je asibiti a duba idon, ya yarda, amma ya ce ko an wanke ba zai koma yana gwaji da tayar wani ba.

Malam Halliru, mun gode. Kai ne ka fi son yaron wani ya isa inda zai je a kan a ci gaba da cewa ba ka taɓa kuskure ba. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka, ya saka wa Yaya Barakatu.

Ku kuma da ƙarfi ko ido ya fara gaza muku a kan aikin da wasu suka dogara da shi, ku faɗa tun abin yana da gyara, ku nemi mai taimako ko da a tsakar gidanku ne. Masu sauran ido kuma, kada ku jira a kira taro. Ku je hanyar Achika kafin wata ya ƙare ku gaishe shi. In kun isa ku faɗi sunanku tun daga bakin rumfa, don ba zai gane ku ba sai ya ji murya.