Gilashin da Ya Ƙi Sauka a Hanyar Kakau

Motata ta farko tsohuwar Baljiyam ce, da baƙin gilashinta ta zo tun daga can. Ba a juya mata hannu, maɓalli ake dannawa gilashi ya sauka, kuma wannan kaɗai ya isa in riƙa ɗaga kafaɗa a layinmu na Kamazou. Wata takwas muka yi lafiya. Wata safiya na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Duka huɗun suka ƙi a rana ɗaya.

Na kai ta Kakuri wurin mai gyaran wayarin mota, wani Ibo da ya fi ni iya Hausar Kaduna. Ya fara da fis, ya ciro ya ɗaga wa rana, ya ce lafiyarsa lau. Ya ɓalle maɓallan ƙofar direba, ya kawo ɗan ƙwan fitilarsa na gwaji, ya taɓa nan ya taɓa can, fitila ba ta kama ba. Sai ya buɗe ƙofar, ya kama baƙar robar da ke tsakaninta da jikin mota ya matse. Nan take fitila ta kawo.

"Malam, ga ɓarawon," in ji shi. "Wayar wuta ce ta karye a cikin robar nan. Buɗe-rufe, buɗe-rufe, ta gaji. Daga ƙofarka sauran ukun ke shan wuta, shi ya sa suka mutu tare. Bar min ita zuwa yamma, sai na kwance ƙofar."

"Zuwa yamma? Don waya ɗaya? Haba Oga, gini za ka yi?"

Ni malamin makaranta ne, ina da darasi ƙarfe goma sha ɗaya, ga ni kuma da zafin kai. Da ya ga na kafe, sai ya nuna mini dabara: in sunkuya daga kujerata, in cusa hannun hagu ƙarƙashin sitiyari inda wayoyin suka shiga jikin mota, in tura su, in danna maɓalli da hannun dama. Na gwada, gilashi ya sauka sumul. Ya ce in dawo cikin makon, kada in saba da wannan. Na saba kuwa. Kafin wata ya ƙare hannuna ya haddace wurin, ba na ma tunani, sai dai in ga na sunkuya.

Da ruwan farko ya sauka, Baba ya ce in kai shi Kakau ya duba gonar da yake so a shuka masa masara. Ya haura saba'in, gwiwoyinsa sun daɗe da ba shi wahala, da sanda yake tafiya. Muka fita da hantsi ranar Asabar, gilashi a rufe saboda yayyafi.

A shekarun nan kowa ya san yadda hanyar Abuja ta zama, kuma duk mai binta ya san ƙa'idar shingen sojoji. Ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilashi su ga fuskarka, hannayenka su zauna a kan sitiyari. Mai baƙin gilashi kuwa shi ya fi kowa bukatar yin hakan da wuri. Na sani sarai. Amma muna ta gardama da Baba a kan taki, ban ankara ba sai ga mu dab da buhunan yashin shingen.

Wani soja matashi ya ɗaga mini hannu. Na tsaya. Ya yi alama in sauke gilashi. Na danna, shiru. Ya ƙwanƙwasa da yatsa. Ni kuwa, wallahi ban yi shawara da kaina ba, sai kawai na sunkuya na cusa hannu ƙarƙashin sitiyari.

Sai daga baya na gane abin da ya gani. Mota mai baƙin gilashi, direba ya ƙi buɗewa, sannan inuwarsa ta duƙa tana laluben wani abu a ƙasa. Ya ja da baya taku biyu, na ji ƙarar ƙarfe, ƙaƙas. Da na ɗago ido, bakin bindiga yana daidai kunnena, gilashi kawai a tsakaninmu.

"Ɗaga hannu! Ɗaga hannu na ce!"

Hannuna na hagu ya maƙale tsakanin wayoyi, madaurin agogona ya sarƙe. In na fizgo shi da ƙarfi, zai ga hannu ya fito daga ƙasa a guje. In na bar shi, na ƙi bin umarni. Na ɗaga na dama kaɗai, ina ihu cewa gilashin ne ya lalace, amma mota a rufe take ruf, muryata tana dawo mini. Wasu sojoji biyu suka taso daga bayan buhuna. Masu sayar da gyaɗa suka watse. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai na ji iska ta shigo ta dama. Baba ya buɗe ƙofarsa.

"Baba, kada ka fita!"

Bai ko kalle ni ba. Ya bar sandarsa a mota don kada a ga wani abu a hannunsa. Ya fito a hankali, hannaye a sama, ya dafa gaban motar da ƙugu yana jan ƙafa har ya zagayo. A gaban matashin sojan nan, wanda bai kai ƙanina na uku ba, Baba ya kai gwiwoyinsa biyu kan jiƙaƙƙen kwalta.

"Ɗana, yi haƙuri. Yarona ne, malamin makaranta ne. Gilashin ne ba ya aiki. In akwai laifi, ga ni."

Sojan ya dube shi, ya dube ni. Numfashinsa ma sama-sama yake. Babbansu ya zo ya buɗe ƙofata da kansa, ya leƙa ya ga hannuna cikin wayoyi, ya yi tsaki mai tsawo. Ya zazzage ni tas, kuma gaskiyarsa ce. Suka duba but ɗin motar, suka ce mu tafi.

Amma Baba ya kasa tashi. Ya yunƙura sau biyu, gwiwoyin suka ƙi. Matashin sojan nan ya rataya bindigarsa a baya, ya kama shi ta hammata ɗaya, ni ta ɗaya, muka ɗaga shi. Sojan yana ta cewa, "Sannu Baba, sannu Baba."

Muka ci gaba da tafiya. Kunya ta hana ni juyawa. Ta gefen ido nake ganin Baba yana tsince tsakuwa daga wandonsa. Na jira faɗa, na ma so ya zage ni. Sai da muka sauka daga kwalta muka kama hanyar gona ya yi gyaran murya.

"Kada ka gaya wa mamarka na durƙusa."

Shekara shida Mama ta ƙara a duniya bayan wannan rana, kuma ban gaya mata ba.