Yadda Saniya Ta Fidda Kawu Ladan Daga Gulbi

Rauda ta fara jin sunan Ladan Wutsiya a kasuwar Kebbe, kafin ta gane ƙanen mahaifiyarta ake nufi.

Kawu Ladan mai gyaran kekuna ne, kuma ba ya son raini. Yana da shekara hamsin ya gani a waya ana gasar iyo da tseren keke da gudu, ya rantse zai shiga. Ranar gwaji ya tara jama'a bakin gulbin Fakku. Masunta suka miƙo masa gora ya hau kamar kowa, ya ce a waya bai ga mai gora ba.

Yana kaiwa tsakiya jijiyar ƙafarsa ta naɗe. Ya fara shan ruwa yana salati. Allah ya sa wani makiyayi na ƙetarewa da garkensa, Kawu ya cafke wutsiyar wata saniya, ta ja shi har gaɓa.

Da ya ji Rauda na rubuta tarihin gidansu, sai ya kira ta gefe.

"Ɗiyata, ban hana ki ba. Amma don Allah ki sa bajimi na, ba saniya ba."