Kawu Modu da Ƙwayar Alhaji Buba

Duk wanda ya san Kawu Modu mai kemis na Dei-Dei ya san ba ya karɓar abu daga hannunka sai ya juya shi. Ka miƙa masa lemon kwalba a wajen biki, sai ya gyara tabarau yana neman ranar lalacewa da lambar hukuma. Wallahi ranar sunan ɗana, da aka miƙa masa jaririn, sai da gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, yanzu zai kifa shi ya duba!

Ni ɗan ƙanwarsa ne, amma ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga min ƙafa ba. Na je da mura na ce, "Kawu, ba ni kafso biyu, ja da baƙin nan."

"Wa ya rubuta maka?"

"Haba Kawu, ni ne fa."

"Na gan ka. Yaushe ka zama likita ba a kira ni walima ba? Mura ba ta jin kafso. Je ka sha ruwan ɗumi ka kwanta, ka daina cika min shago."

Direbobin tirela masu neman haɗi, ƙwayoyin nan kala-kala da ake ƙullawa a leda, su ma sun sha faɗa. Wani ya ce masa, "Oga, ai duk magani ne." Kawu ya ce, "To kawo motarka in ɗura mata manja da kunu, ai duk ruwa ne."

Amma babban yaƙinsa da amininsa ne, Alhaji Buba dillalin shanu. Kawu Babarbare, Alhaji Bafulatani, kun san ba a gaisawa sai da tsiya. Likita ya ce Alhaji na da hawan jini, ya riƙa shan ƙwaya kullum. Ya sha 'yan kwanaki, ciwon kai ya tafi, ya watsar. Ana nan sai ya yanke jiki ya faɗi a kara, tsakiyar shanu. Allah Ya sa da sauran shan ruwa.

Ana sallamo shi daga asibiti ya zo shago yana dogara sanda.

"Kai bawana, yi min allurar nan ta shanu. Na ga ta tayar da bijimi. A yi min sau ɗaya in huta da haɗiye-haɗiye."

"Kai da iska ke kaɗawa za ka sha rabon bijimi? In na yi maka, gobe ciyawa za a kai maka ko likkafani?"

Daga ranar Kawu ya ɗaura ɗamara. Kullum da safe, kafin ya buɗe shago, sai ya nufi kara da ƙwaya da gorar ruwa.

"Buba, buɗe baki."

"Ciniki nake, Modu!"

"Saniyar ba ta sauri. Haɗiye."

Dattijo da furfurarsa, a gaban masu saye! Ran nan Alhaji ya hango shi ya ɓuya bayan tirela. Kawu ya tsaya tsakiyar kara ya ɗaga murya: "Jama'a, kar wanda ya yi ciniki da Buba yau! Bai sha magani ba, zai iya faɗuwa kafin ya miƙa muku igiya!" Sai ga Alhaji ya fito yana zagi, baki a buɗe.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, Alhaji ya zo duba shi, ina wajen. Kawu ya dube shi ya ce, "In na tafi, wa zai bi ka da ƙwaya?"

"Tafi mana, in sarara."

"In taurin kai ya sa ka biyo ni da wuri, ba zan amsa sallamarka ba."

Alhaji ya yi dariya, sannan ya juya fuska bango ya daɗe bai juyo ba.

Bayan rasuwar, duk mun tsorata, mun ce Alhaji zai watsar. Washegarin sadakar uku na bi ta gaban shagon da safe. Ƙofa a rufe, Alhaji na zaune a benci shi kaɗai. Ya ciro ƙwaya daga aljihu, ya kora da ruwa, ya dubi ƙofar ya ce, "Na sha, Babarbare. Kwanta ka huta." Har yau a bencin nan yake sha.

Allah Ya jiƙan Kawu Modu, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsare rayukan mutane, Allah Ya tsare shi da rahamarSa. Amin.