Silin Waya a Motar Yaya

Shekarar da yayana ya tafi aikin Hajji, ni ya bar wa motarsa. Tsohuwa ce fara, irin mai kafireto, ta girmi babban ɗansa, amma yana lallaɓa ta kamar dattijuwar gida. Ana gobe zai tashi ya kira ni gidansa a Gesse, ya damƙa mini makulli da 'yar takarda da ya rubuta da ajami, don mu biyun da allo muka fara. Sharuɗɗa uku ne: a duba ruwa kowace safiya, kada a ɗora mata buhun shinkafa, kada kowa ya buɗe mata ciki sai bakanikensa na Argungu. Na ce amana ce, Allah ya ba ni ikon riƙewa.

Biyun farko na riƙe su tsaf. Na ukun ne ya kuɓuce mini.

Ina da 'yar gonar shinkafa a fadamar Gulma, sau biyu a mako nake zuwa. Motar kuwa shan mai take kamar raƙumi ya iso rijiya, ga mai ya yi tsada. Wata rana na koka a gaban mutumin da ke gyara mana injin ban-ruwa.

Ya ce, "Malam, wagga ai ƙaramar magana ta. Duk injinan fadama ni ka rage musu ci."

Kafin in gama tunani ya kwance kafireton motar, inda mai ke gauraya da iska, ya zaro silin jan ƙarfe guda daga wata tsohuwar waya, ya zura a ɗan ramin da fetur ke bi, don hanyar ta ƙara matsewa. Na tuna da takardar Yaya a aljihuna, na kawar da kai ina kallon shinkafa.

Kwana uku ina murna. A na huɗu, ina ratsa kasuwa a Birnin Kebbi, na taka totur sai na ji tau! kamar bindigar maharba. Awaki suka watse, wani mai babur ya faɗa cikin tiren albasa, ya tashi yana cewa, "Baba, in yaƙi za ka, ai sai ka faɗi mu kauce!" Daga ranar duk inda na taka ta da ƙarfi sai ta harba. Saura kwana biyu jirgin su Yaya ya sauka.

Da hantsi na lallaɓa ta zuwa Argungu, ina tafe ina salati. Bakaniken dattijo ne, garejinsa gindin dogon yaro. Na faɗa masa mota na harbi. Bai ko tashi daga benci ba ya tambaye ni, "Ta gaba taka harbi ko ta baya?"

Na ce, "Harbi ai harbi ne."

"A'a, Malam. In ta salansa ne, mai ya yi mata yawa, ko wutar fulogi na zuwa a makare. In ta gaba ne, ta bakin kafireto, to yunwa taka ji. Tada ta mu ji."

Na tada, ya ja totur da hannu, ta yi atishawa ta gaba har da 'yar wuta. Ya kwance fulogi ɗaya ya nuna mini bakinsa, fari fat kamar toka. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Ya shafa robobi ko iska na shiga ta wani tsagi, babu. Sai ya dube ni.

"Wa ya taɓa ta?"

Na ce, "Allah masani."

"Haka ne. Amma kai ma ka ɗan sani."

Ya kwance kafireton, ya ɗaga shi sama yana leƙe, ya sa tsinke ya zaro silin. "Aikin 'yan fadama ke nan. Injin ban-ruwa da murya ɗaya yaka yini, ko an rage mai ci bai damu ba. Mota kau tana hawa tana gangara." Ya wanke, ya hura, ya mayar. Motar ta tashi sumul. Ya ɗora mini silin a tafin hannu, ya ce, "Ni ba ni kai wa Alhaji magana. In kau ya tambaye ni, ba ni yi mai ƙarya."

Ranar da na ɗauko Yaya daga filin jirgi, ya zauna gaba da farar hularsa, ya kasa kunne ga injin, ya ce madalla, ka riƙe amana. Da na yi shiru, da maganar ta wuce a nan. Amma mutumin da ya fito daga Ɗakin Allah ne yake yaba mini abin da ban yi ba. Na gangara gefen titi, na tsaya, na fito da silin, na faɗa masa komai.

Ya jima yana juya shi a yatsunsa. Sannan ya ce, "To, ta rage shan man kuwa?"

Na ce, "Ta rage, Yaya."

"Kai ma da an yi maka haka da ka rage." Ya jefa silin ta taga. "Na yafe. Zagayo nan ka zauna, ni zan ja."